Lugude a Duniyar Wata

Tunda kin ce kunya ce ta hana ki faɗa, gyara zama ki ji.

A wani zamani can gaba, da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan har wasu suka kwashi komatsansu suka koma duniyar wata, an yi wata dattijuwa a wata unguwa mai gida bakwai. Wurin babu iska ko ta busa wuta. Abin da suke shaƙa inji ne ke yi musu, a tsare shi cikin gini kamar ruwa a randa. Kowane ɗaki taga ɗaya gare shi, ta gilashi mai kaurin tafin hannu, kuma dokar guda ce: duk wanda ya ga tsaga, ko ta kai silin gashi, ya kira masu gyara kafin ya haɗiye yawu. Dattijuwar nan kuwa ita ce mai faɗan unguwa. Ba amaryar da ba ta tsare a hanya ta kira ta shashasha ba, don ta bar ƙofa ba ta rufu sosai ba. Da turminta ta hau can, da taɓaryarta, don ta rantse ba za ta ci tuwon garin inji ba. Ran nan tana surfen gero, daka ta yi daɗi, hannu ya tuna gida, sai ta cilla taɓarya sama ta tafa, kamar yadda suke lugude a tsakar gidan uwarta. Ta manta a can komai ba shi da nauyi. Taɓarya ta tashi kamar an harba ta, ta daki rufi, ta dawo ta sari taga. Tsaga ta fito, siririya, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Ta ɗauki waya za ta kira masu gyara, ta ajiye. Ita, da furfurarta, a ce wasan 'yan mata ya fasa mata taga? Har ta hango amaren nan suna dariya a cikin mayafi. Sai ta jiƙa ƙaro ta shafe tsagar, ta ɗauko faifai mai ado ta rataya a kai, wai kwalliya.

Kwana uku tana jin ɗan fito a bayan faifan, tana ƙara muryar rediyo. Rana ta biyar mutanen unguwa suka tashi da ciwon kai, jaririyar maƙwabciyarta ta fara numfashi sama-sama, leɓɓanta suka yi duhu. Uwar ta shigo da ita a kafaɗa tana tambaya ko Baba ta san maganin wannan. Dattijuwa ta ce a shafa mata man shanu, idonta a ƙasa, ta juya wa taga baya. Da masu gyara suka zo, gida-gida suka bi da kaskon turaren wuta, don hayaƙi duk inda iska ke tserewa can yake bi. Unguwa ta biyo bayansu. A ɗaki shida hayaƙi ya miƙe sama. A nata ya karkata, ya ja kamar zare, ya shige ƙarƙashin faifai. Babbansu ya ɗaga, ga tsaga ta yi rassa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga busasshen ƙaro da shatin yatsunta a kai. Ya ce, "Baba, da ranar kika kira mu, kafin ruwan shayi ya tafasa mun gama." Yanzu kam ba ta gyaruwa. Aka garzaya da jaririya asibiti, da ƙyar ta sha. Aka kwashe gida bakwai, aka toshe unguwar, zogale da yakuwar da mata suka raina daga irin da suka ƙullo a bakin zane tun daga gida, sanyi ya cinye su. Ba wanda ya zage ta, kuma wannan ya fi mata ciwo. Amaryar da ta fi shan faɗanta ce ma ta ɗaukar mata turmi, ita kuwa ta bi bayanta, mayafi har hanci.

Sai ki tashi ki je ki faɗa tun abin yana ƙarami. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.