Kofin Sojan Ingila

Yowel ya tsaya nesa da tabarmar zance, ya ƙi karɓar ruwan da Bangaskiya ta miƙo masa. Tarin fuka ne ya sa aka sallamo shi daga horon soja.

"Ki nemi mai lafiya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ko moɗa ba a haɗawa da ni."

Ta shige gida. Har ya juya, sai ga ta da tsohon kofin ƙarfe duk ya lotsa.

"Na kakana ne, ya yi sojan Ingila. Da irin tarinka ya dawo Madarumfa daga yaƙin Bama. Kakata ta yi ta wanke masa shi har ya warke." Ta cika kofin. "Zauna ka sha. Wankinsa ya dawo kaina."