Jan Fenti a Buhun Shinkafa

"Ku juya buhunan nan, fentin ya kalli bango!" Jelani ya daka wa leburori tsawa, zufa na keto masa.

Shi ne mai kula da sito a wani kamfanin shinkafa kusa da madatsar ruwan Goronyo. Manaja ya sayar da shinkafar a ɓoye, ga kwamitin bincike na masu hannun jari yana hanya. In asiri ya tonu, Jelani za a fara kamawa. Manaja ya aro buhunan shinkafa ta hannun wani dillali aka jera a gaba, na baya kuwa aka ɗura musu yashin kogin Rima. Kowane buhun aro yana da jan fenti, alamar mai shi.

Ba su gama juyawa ba sai ga Alhaji Attahiru, shugaban kwamitin. Ya tsaya gaban wani buhu, fentinsa a fili, ya ƙura masa ido.

"Wa yab bar wanga haka?"

Jelani ya yi ƙasa da murya. "Ranka shi daɗe, ka rufa min asiri, ina da iyali."

Alhaji ya waiwayi sauran 'yan kwamiti. "Kaya sun cika, mu tai."

Da sauran suka fita, Alhaji ya matso kusa da kunnen Jelani.

"Ɗana, alamata ce. Ni nas sayi shinkafarku, ni nab ba ku aro. A maido min kayana kamin la'asar, masu saye na jirana kasuwar Achida."