Ranar Ɗaukar Ramlatu

Tun da aka kawo allurar kewa makarantar kwana ta 'yan matan garinmu, an daina jin kuka a can. Yarinya na shiga a tsira mata, ta manta gida sarai sai karatu. Ranar hutu kuwa, sai wanda ya haife ta ya kira sunanta a bakin get, ta gane muryar, sannan ta dawo hayyacinta. Da, Malam Ɗanjuma ke zuwa ɗaukar 'yarsa Ramlatu. Bana Allah ya yi masa rasuwa, dole matarsa Hansai ta yafa mayafi ta tafi.

To, Ramlatu 'yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar Hansai, ko a bayan ido ba ta taɓa faɗin sunan ba.

Aka fito da yarinyar fes da ita, tana murmushi irin na mai jiran baƙi.

"Ke," in ji Hansai. "'Yar nan, taso mu tafi."

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji yarinyar. "Wa kike nema?"

Matiron mai kula da 'yan matan ta ce, "Baiwar Allah, kunyar nan ki ajiye ta a gida. Ƙarfe huɗu nake rufewa, wadda ba a tasa ba nan za ta yi hutu."

Hansai ta dubi matan da ke layi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ramlatu."

Yarinyar ta waiga hagu, ta waiga dama.

"Matiron, wa ya kira ni? Ban san muryar ba."