Aikin Watan Maris

"An yanke masa tallafin," in ji ma'aikaciyar ofishin tallafin marasa aiki da Sinanci. Abdulhakeem, ɗan Kanon da ya rako Kallamu don ya yi masa tafinta, ya fassara yana huci.

Tun da aka rufe masana'antarsu a Panyu ta ƙasar Sin, da kuɗin marasa aiki Kallamu yake biyan hayar ɗakin da matarsa ke kwance da tsohon ciki. Yanzu rajista ta nuna wai ya samu aiki a Maris, ya ajiye da kansa. Mai irin wannan, in ji ma'aikaciyar, ba ya komawa kan tallafi.

"Wallahi ban yi wa kowa aiki ba. Taso mu tafi, ƙanena," in ji Kallamu.

"Shirun nan ne ya kashe mu, Yaya. Sai ta nuna mana azzalumin da ya ci da sunanka."

Ma'aikaciyar ta juyo musu da kwamfutar, rubutun duk da Sinanci. Abdulhakeem ya karanta, ya sake karantawa. Nasa kamfanin ne na aika kaya. A Maris ɗin ya cika takardun ma'aikata da sunayen 'yan uwa 'yan gida, har da na Kallamu, don kamfanin ya yi kwarjini a idon hukuma.

"Wane ne, ƙanena?"

Abdulhakeem ya juya wa ma'aikaciyar kwamfutarta.

"Ta ce sirri ne, Yaya. Ba a faɗa."