Wainar Kwali a Tandar Dada

Da yamma Anti ta iso gidanmu na Sintali daga Abuja, da kwalin garin wainar Turawa mai hoton kabewa. Mun kwaɓa, mun jona injin gashinta, sai aka ɗauke wuta. Na fashe da kuka.

Kakata Dada ta shinshina ƙullun, ta taɓe baki. "Wannan ai labarin kabewa kawai ya ji."

Ta dama kabewar da ta dafa don miyar taushe a ciki, ta ɗora tandar masa a murhu. Wainar ta kumbura, tana ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi.

Yau ina da injin, ga wutar sola. Amma jiya da 'yata ta ce irin ta Dada take son koya, sai na sauko da tandar.