Surkulle a Cikin Rahoto

 Ana tsakiyar taro a ofishinsu na birnin Utrecht ta ture kofin gahawa gefe cikin zumuɗi, ta ƙure sautin kwamfutarta.

Ta daɗe tana roƙon abokin aikinta ya daina cusa surkullen na'ura cikin rahoton da manhajarsu ke rubuta wa mutane. Kullum amsarsa ɗaya: "Haba mutuniyar, tsallakewa ake yi!"

Yau kuwa, sai muryar kwamfutar ta cika ɗakin tana karanta rahoton, tana jero haruffa da lambobi marasa kan gado, ba numfashi. Abokin aikin nata ya toshe kunnuwa.

"Don Allah kashe! Wa zai jure wannan?"

Ta fashe da dariya, tana shafa farar sandarta.

"Tsallake mana, gwani! Kai da ido kake wucewa. Ni makauniya, kullum sai na saurare shi kaf."