Waɗanda Ba Su Dawo Ba

"Malama, rajistarki ce ta kai ƙararki," in ji mai binciken da jami'a ta turo ɗakin taimakon lissafi. Ya juya mata littafin. "Ɗalibi ya zo sau huɗu, sau biyar, sai ya yi ɓatan dabo. Me zan rubuta? Korarsu kike yi?"

Malamar ta kaɗe garin alli daga hannunta, ta yi murmushi. "Rubuta haka, ranka ya daɗe. Korarsu nake yi."

Ya ɗauki biro zai rubuta a rufe ɗakin. Shekararta tara a nan, amma ko a jikinta.

"Kafin ka sa hannu, raka ni ƙarshen baranda," ta ce.

Suka bi ta azuzuwan da babu darasi a lokacin. A na farko, wata ɗaliba na tsaye gaban allo, ƙawayenta shida sun zuba mata ido. A na biyu, wani dogon saurayi yana ce wa abokinsa, "Kai, ba zan yi maka ba. Karɓi allin, yi kuskuren mu gani."

"Maganata ce ya sace," in ji malamar tana dariya. "Ranar da ya fara zuwa wurina, saura kaɗan ya yi kuka. Duk wanda ya gane, alli nake damƙa masa, in ce kada in ƙara ganinsa."

Mai binciken ya dubi takardarsa, babu gurbin da zai sa wannan. Can ƙasa, wajen shawara, ya rubuta: "A ƙaro mata alli."